Cajin batir a kwanan daji: janareta mai feda iri uku ko dai sola, wanne za ka ɗauka?

Duk shekara in noman rani ya kankama mu uku ne muke kwana a lambu can wajen dam ɗin Ajiwa, ni da ƙanena da wani yaron maƙwabcinmu, wani lokacin sai mu yi kwana biyar ko mako guda cur ba mu leƙo cikin Katsina ba, musamman in tumatir ya fara nuna ana gudun dabbobi da masu ɗan hali. Abinci dai ana kawo mana, ruwa ga shi nan, amma caji shi ne ciwon kanmu. Wayoyi uku, tocila biyu, ga 'yar rediyo. Kuma kowa ya san a daji yanzu waya ba ta hira ba ce kawai, da ita za ka kira dillali ka ji farashin kwando, da ita za ka ji in akwai wani motsi da ya kamata ku tattara ku bar wurin. Wannan ne ya sa na shiga harkar haɗa janareta da keke, na gwada har iri uku, daga baya kuma na sayi ɗan faifan sola. To tunda 'yan'uwa da yawa suna tambayata wanne ya fi, masu gadin gona ne, masunta ne, 'yan sikawut da 'yan agaji masu fita sansani ne, bari in baje komai yadda na gani.

Kafin a shiga zaɓi, ga ma'aunan da nake duba kowanne da su.

Na farko kuma shi ne uban duka: wuta nawa abin zai ba ka daga ƙarfin ƙafarka. Nan ne mutane suke ruɗuwa wallahi. Mutum mai lafiya wanda ba ɗan tseren keke ba, in zai yi awa guda yana murza feda ba hutawa, abin da zai iya bayarwa bai wuce wat 50 zuwa 100 ba, mu ɗauka 60 ko 70 don kada mu yaudari kanmu. Wato awa guda na gumi ya ba ka wat-awa 60 kenan tun kafin a cire asara. Batirin wayoyin nan da muke riƙewa, Tecno ne ko Infinix ko Itel masu 5000mAh, kowanne yana ɗaukar kamar wat-awa 19. Kaga ke nan ƙarfin ƙafa ɗan kaɗan ne, ba abin da za a yi wasa da shi ba, duk na'urar da za ta cinye rabinsa a hanya ba ta dace da wanga aiki ba komai kyanta.

Sauran ma'aunan su ne kuɗi, ƙarko a cikin ƙura da zafinmu, sauƙin haɗawa da ɗauka a bayan mashin, sai kuma haɗari. Maganar kuɗi zan kwatanta su ne da juna, wanne ya fi wanne tsada da kuma inda kuɗin yake tafiya, don farashin kaya yanzu na safe daban na yamma daban.

Abu guda kuma da ya shafi dukansu: ba a haɗa waya kai tsaye da janareta. Wutar feda hawa da sauka take, ka ƙara sauri ta haura ka rage ta faɗi, in ka jona waya haka nan sai dai ka kai ta wajen mai gyara. Tsarin shi ne janareta ya cika batir mai bolt 12, sannan ka ɗauki wuta daga batirin da cajar mota, irin wadda ake cusawa a ramin kunna sigari, ita ce za ta mayar da ita bolt 5 da waya take so.

Altanetar mota

Ita ce kowa yake fara tunani, nima da ita na fara. Dalili a fili yake, tana nan ko'ina, duk wani rewaya ko mai sayar da kayan kwandem yana da ita, kuma aikinta kenan a mota, cajin batir. Tana da rektifaya mai mayar da wuta irin ta batir da regileta mai daidaita ƙarfinta a cikinta, wato wutar da za ta fitar daidai take da batirin bolt 12 ba sai ka sayi wani abu ba.

Matsalarta ita ce babu maganadisu na dindindin a cikinta. Sai an ba ta wuta tukuna kafin ta zama maganadisu, kuma wutar da take sha don wannan kaɗai tana kai amfiya 2 zuwa 4, wato wat 30 ko 40 sun tafi. A mota wannan ba komai ba ne, injin ko ji ba ya yi. Amma kai da kake da wat 60 gaba ɗaya, mi ya rage maka? Ga shi kuma ba ta fara caji sai ta haura juyi 1,000 a minti, dole ka cire tayar baya ka zagaya dogon bel a kan rim ɗin ya zo kan fulin altanetar, keken ya tashi daga abin hawa ya koma na zama wuri ɗaya. Ranar da muka fara gwada tamu, feda tana tafiya sumul, ƙanena yana taɓa wayar da ke kunna ta sai na ji kamar an ɗaure keken da igiya, na miƙe tsaye a kan feda ina dannawa, minti huɗu ban ƙara ba numfashi ya ƙare. Abin da ya fi ba ni takaici, in ka tsaya hutawa ba ka kashe makunnin ba, ita ce take juyowa tana shan batirin da ka sha wahalar cikawa. Mun kwana biyu muna fama, batirin bai ƙaru da komai ba.

Kuɗi: ta kwandem tana da araha, amma walda da bel da tsayayyen ƙarfe suna ƙara mata. Ƙarko: nan kam ba a magana, an gina ta don zafin inji da ƙura, za ta yi shekaru. Ɗauka: tana da nauyi, wajen kilo 5 ko fiye, ban da ƙarfen da aka ɗora ta a kai. Haɗari: in ka cire batir tana cikin juyawa wutar na iya tsalle ta ƙona dayod ɗinta, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ko abin da ke jone, sannan bel ɗin yana kama yatsa da bakin riga.

Injin mai maganadisu

Wannan shi ne wanda ya yi mana aiki, kuma a kansa zan daɗe. Duk wani injin lantarki mai maganadisu na dindindin, in ka ba shi wuta ya juya, in kai ka juya shi kuma ya ba ka wuta, ba ya neman a ba shi komai tukuna. Gwajinsa mai sauƙi ne tun a wajen mai sayarwa: ka murza sandarsa da hannu ka ji yadda take tafiya, sai ka haɗa bakin wayoyinsa biyu wuri ɗaya ka sake murzawa, in ka ji ta yi tauri to akwai maganadisu, ɗauka. In akwai mita a kusa ma ya fi, za ka ga lamba tana motsi.

Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce ka nemi injin da bolt ɗinsa ya fi na batirinka. Injin fankar lagireto na mota mai maganadisu ne kuma ana samunsa da arha, amma na bolt 12 ne, kafin ya ba ka bolt 14 da caji yake buƙata sai ka juya shi fiye da gudun da aka yi shi don shi, wahala ce. Na waifa kuma akwai giya a jikinsa da ba ta yarda a juya ta daga baya. Wanda ya fi dacewa shi ne injin ɗan babur mai caji na yara, mai rubutun 24V 250W, wanda gudunsa yake wajen juyi 2,700 a minti.

Ga lissafin yadda nawa yake. Keken Phoenix ne mai tayar inci 28, faɗinta kamar santimita 70. Haƙoran gaba 44, na baya 18, wato juyin feda ɗaya taya ta yi kusan biyu da rabi. In ina murzawa sau 60 a minti, wato sau ɗaya a daƙiƙa, tafiya ce ta nutsuwa, taya tana yin kamar 146. Na sa mai injin sassaƙa ƙarfe ya yi mani 'yar gangariya mai faɗin santimita 5 aka ɗaura a sandar injin, tana jingine da tayar, duk juyin taya ɗaya ita ta yi 14. Ka ninka ka ga mun haura 2,000 a minti, kuma a nan mita tana nuna tsakanin bolt 15 zuwa 18 in ba a jona komai ba. Daidai abin da batirin bolt 12 yake so. Kai ma ka ƙirga haƙoran kekenka ka auna tayarka kafin ka je wajen mai sassaƙa, kada ka kwafi tawa ido rufe, in gangariyar ta yi girma wuta ba za ta kai ba, in ta yi ƙanƙanta kuma santsi za ta riƙa yi a kan taya.

Abubuwa uku ne dole a tsakanin injin da batir. Dayod mai ɗaukar amfiya 10 ko fiye, in babu shi kana sauka daga keke batirin zai juyo ya mayar da janaretan inji, ka ga taya tana gudu ita kaɗai. Sai fiyus na amfiya 10 dab da kan batir. Sai 'yar mita da za ka ɗaure a kan hannun keke kana kallo, da ta kai 14.4 ka sassauta. Wasu suna sa kwanturolar sola, na'urar nan mai kula da cajin batir, tana yi, amma ka sani in batir ya cika tana yanke layi ne kwatsam, feda ta saki lokaci guda, wutar injin ta yi sama, don haka ko da ita kada ka rabu da mitar.

Girman batir ma akwai magana. Ƙaramin nan na 12V 7Ah da ake sawa a UPS, in ka duba jikinsa za ka ga an rubuta kada cajinsa ya wuce amfiya 2.1, alhali ƙafarka tana tura kamar 4. Na kumbura ɗaya a haka kafin na gane. Nemi mai 18Ah ko sama, kuma kada ka riƙa shanye shi ƙasa da rabi in kana so ya daɗe.

To nawa ake samu? Bayan asarar taya da ta injin da ta batir da ta caja, awa guda tana barin kamar wat-awa 30 zuwa 40 a hannunka, wato waya ɗaya da rabi zuwa biyu. Mu yadda muke yi, kowa minti ashirin bayan sallar asuba lokacin da sanyi bai sake ba, kowa minti ashirin bayan isha'i, ya ishe mu wayoyi da tocila. Da azumi kuwa sai bayan asham, kada wanda ya ce zai hau da rana.

Akwai ɗan'uwansa, tayar hobabod, abin nan mai taya biyu da yara suke tsayawa a kai. Injin yana cikin tayar, ba shi da burushi, wato gawayin nan da ke goga a cikin inji, don haka ƙura ba ta dame shi ba kuma ya fi ƙarko, sai dai wayoyinsa masu kauri uku ne, sai ka sa masa rektifaya mai dayod shida, kuma abin daɗin shi ne irinta ce a cikin tsohuwar altaneta, rewaya zai iya ciro maka. Shi a hankali yake son juyi, in ka jingina shi da tayar keke ka murza da ƙarfi yana haura bolt 30, don haka sai da na'urar rage wuta a tsakani. Samunsa a Katsina sai an dace, galibi sai an aika Kano ko a yi oda ta intanet.

Kuɗi: tsaka-tsaki, injin da batir su ne masu cin kuɗin, walda kaɗan ce, ƙafa biyu ce kawai da za ta ɗaga tayar baya daga ƙasa. Ƙarko: burushin cikin injin 24V ɗin yana cinyewa, ƙurar hunturu kuma tana shiga, ka riƙa rufe shi da tsumma in ba a aiki. Gangariyar tana cin taya, tawa ta yi sanƙo a damina ɗaya da rani ɗaya, gara ka sa tsohuwar taya mai santsi, mai ƙurajen nan ƙara take kamar injin niƙa. Ɗauka: keken yana nan a matsayin keke, ka hau ka je, ka ɗora shi a kan ƙafarsa in ka isa. Haɗari: juya wayoyi, ja a wurin baƙa, shi ne babba, sai tartsatsi a kan batir.

Dainamon keke

Wanda muka sani tun muna yara, ɗan kwalbar nan da ake jinginawa a taya ya kunna fitila. A jikinsa an rubuta 6V 3W, kuma iyakarsa kenan. Wat 3 a kan waya mai wat-awa 19, ka yi lissafi, sama da awa shida ana murzawa ko da babu asara, da asara kuwa ya kai takwas. Wutarsa ma ba irin ta batir ba ce sai an sa mata rektifaya da regileta. Ya fi kowa araha, ba nauyi, ba wani haɗari, amma a zaune wuri ɗaya ɓata ƙarfi ne. Inda yake da amfani shi ne mutumin da dama yini yake a kan keke, kamar mai tashi daga Daura zuwa kasuwar Mai'adua ran Lahadi ya dawo, ya jona 'yar fawabank tana tsotsa a hankali yana tafiyarsa.

Faifan sola

Gaskiya ɗaya ce, in rana ta fito babu ƙafar da za ta ja da shi. Faifai mai wat 50 a ranar Katsina mai kyau yana tara wajen wat-awa 150 zuwa 200 a yini, abin da sai ka yi awa biyar kana feda kafin ka samu, shi kuwa kana can kana ban ruwa yana aikinsa. Haɗawa ba wuya, faifai, kwanturola, batir, shikenan, ga masu sayarwa a ko'ina cikin gari. Babu abin da ke juyawa a jikinsa balle ya cinye, in bai fashe ba zai yi shekaru masu yawa.

Amma na ga inda yake ba da kunya. Disamba zuwa Janairu in hazo ya sauka sosai, rana kamar farin faranti a sama, ƙura ta kwanta a kan gilashin, abin da yake bayarwa raguwa yake ƙwarai, kuma daidai lokacin muke lambu. Dole kullum da safe ka goge shi da tsumma mai laushi. A watan Agusta ma masu kwana a gona sun san yadda hadari yake rufe sama kwana biyu a jere. Da dare kuwa babu shi, in batir ya mutu ƙarfe goma kana son kira sai dai ka jira gari ya waye. Gilashi ne, a bayan mashin kan hanyar burji yana fashewa, kuma yana ƙyalli daga nesa, ya fi tsohon keke jan hankalin ɓarawo. A kasuwa kuma akwai masu rubutun wat 100 da ba su kai rabi ba, in ka ga faifai ɗan ƙarami da babbar lamba da arha ka bar shi. Kuɗinsa in mai kyau ne ya ɗan fi na injin maganadisu ko su zo kusa, ya danganta da girman da ka ɗauka.

Ga su a jere:

| Zaɓi | Abin da yake bayarwa | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Altanetar mota | Kaɗan, ita ke cinye rabi ko fiye | Araha, walda na ƙara mata | Sosai | Nauyi, keke ba ya hawuwa | Bel, tsallen wuta, shanye batir |
| Injin maganadisu | Waya 1 da rabi zuwa 2 a awa | Tsaka-tsaki | Mai kyau, yana cin taya | Sai an yi lissafi da ɗan walda | Juya waya, wuce caji |
| Dainamon keke | Waya 1 a awa 6 zuwa 8 | Mafi araha | Matsakaici | Ba nauyi | Kusan babu |
| Sola mai wat 50 | Wayoyi da yawa a yini in da rana | Tsaka-tsaki zuwa tsada | Sosai in bai fashe ba | Mafi sauƙi | Fashewa, sata, jabu |

Wani haɗarin bai shiga teburin ba saboda na batir ne, duk wanda ka zaɓa yana nan. Batirin ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta in yana caji, kada ka yi cajinsa a cikin rufaffiyar bukka ko tanti, kada kuma a kunna ashana ko sigari a kansa. A Maris da Afrilu da zafi yake haura digiri 40, ka sa shi a inuwa a kan katako, ba a kan yashi ba. Sannan don Allah masu tattara tsofaffin batiran laftop su haɗa da kansu ba tare da allon kariya ba su daina, irin waɗannan in suka wuce bolt 4.2 kowane ƙwaya suna iya kamawa da wuta, kuma a bukkar kara da iskar hunturu ka san abin da zai biyo baya.

To wa zai ɗauki wanne? In kwana ɗaya ko biyu za ka yi, malam kada ka wahalar da kanka da walda, ka cika fawabank mai 20,000mAh a gida, zai ba ka caji biyu da ɗoriya. In za ka zauna wuri ɗaya mako ko wata a lokacin bazara, kuma akwai mai zama kusa da kayan, sola kai tsaye. In kai mai yawo ne a kan keke yini guda kuma ƙaramar waya ce da kai, dainamo ya ishe ka. 'Yan sikawut da 'yan agaji da suke fita su ashirin ko talatin, su ne injin maganadisu ya fi yi wa rana, ƙafa ta yi yawa, kowa minti goma batir ya cika, yaran kuma su koyi yadda wuta take samuwa da hannunsu. Altaneta kuwa ban ba kowa shawararta ba in da ƙafa za a juya ta, sai dai in kana da injin ban ruwa a lambu, nan kam ka ɗaura mata bel a jikinsa tana caji yana aikinsa, wurinta kenan.

Masu irin zamanmu kuma, lambu a tsakiyar hazo ko gona a tsakiyar damina, inda wayar ba ta da damar mutuwa ko da dare, ku haɗa biyu a kan batir ɗaya, ɗan faifai mai wat 30 ko 50 ya yi aikin rana, keke yana gefe a kan ƙafarsa. In kuɗin bai kai na duka biyun lokaci guda ba, fara da batir mai kyau da faifan, sai ka riƙa leƙa wajen 'yan kwandem a hankali har ka dace da injin 24V ɗin, keken dai dama yana gida.